Ranar da Na Ci Tsere da Motar Surukina

Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon aski ya san ba gashi kaɗai ake zubarwa a ƙasa ba, har da ƙarya. Tawa ƙaryar ta tuƙi ce. Tun da na dawo daga yaƙi nake gaya wa duk wanda ya hau kujerata yadda na tuƙa motar sojoji a duwatsun Italiya ana ruwan harsashi. Mutum da aska a maƙogwaronsa ba ya musu, shi ya sa labarin ya yi ta girma. Gaskiyar ita ce ban taɓa tsallake ruwa ba. Dankali nake ɗaukowa daga sito zuwa kicin a wani sansani a jihar Georgia, nan cikin Amurka, tafiyar da ba ta kai mil guda ba, kuma a cikinta sau biyu na kayar da shinge.

A shekarar 1949 Burl Yancey ya kori shanunsa daga makiyayar da ke bayan gari, ya sa aka share jar ƙasar aka yi da'irar rabin mil, ya kafa shingen katako, ya ce filin tsere ne. Dokarsa ɗaya ce, mota ta zo yadda ta fito daga kamfani. Da motar gidanka za ka zo ranar Asabar, ka cire murafen taya, ka manna tef a fitilu, ka ɗaure ƙofa da bel don kada ta buɗe a kwana, ka rubuta lamba da farin man takalmi. In an tashi ka wanke ta, gobe ka kai iyali coci a cikinta, in dai ta rage. Ni ba ni da mota, wannan ne ya daɗe yana rufa mini asiri.

Motar da ke danginmu ta surukina ce, Baba Lemuel Sizemore, dattijon coci, mutumin da ko kofi ba ya sha da ƙarfi. Baƙa ce ƙirar 1939. In ya shigo gari da ita, masu keke wuce shi suke yi suna gaishe shi. Ya rasu a watan Janairu, kuma kafin ya cika ya roƙi matarsa abu biyu. Kada ta bari kowane bakanike ya buɗe bonet ɗin motar, sannan ranar gyaran kaburbura ta zo kabarinsa a cikinta. Mama Zelphia ta ce ta ɗauka. Matar nan kuwa in ta ce ta ɗauka, to an gama.

Ranar gyaran kaburbura Lahadi ta biyu ce a watan Yuni. Asabar da safe Mama ta kira ni rumfar da motar ke lulluɓe da bargo, ta miƙo mini makulli.

"Doyle, ka wanke ta, ka sha mata mai, ka dawo da ita kafin faɗuwar rana. Gobe ƙarfe tara kai za ka kai ni."

"To, Mama."

"Kar ka buɗe gabanta."

"Haba Mama, me zan nema a ciki?"

"Ban sani ba. Ku maza in kun ga murfi sai kun ɗaga."

Da na wanke ta na mayar da ita, da ba ni da labarin bayarwa. Sai na ga ya kamata gari ya gan ni a mota, na je na faka ta a ƙofar shago. Ina cikin yi wa abokina Hobart bakanike aski, Arlis Cagle ya shigo. Arlis ne ke cinye tseren Burl kusan kowane mako, kuma ya san da haka.

"A'a, sojan Italiya! Yau ga mota ga direba. Ƙarfe uku ake tashi, mu sa ran ganinka?"

"Ta mutane ce," na ce.

"Ta mutane ce, ko zuciyar ce ta mutane? Shekara huɗu kana cika mana kunne da duwatsu. Filin Burl ko tudun tururuwa babu."

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Hobart da kumfa a fuska ya ce, "Rabu da shi, Arlis. Motar Baba Lemuel ce, in ta shiga yau sai Talata za ta gama zagayen farko."

Ban san lokacin da bakina ya ce "Ku ajiye mini wuri" ba. Na ji maganar ta fito, na waiga ina neman wanda ya faɗa.

A hanyar fili na tsara dabarata, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Zan tsaya can baya, in yi zagaye uku a hankali nesa da kowa, in fita in ce inji ya yi zafi. Wa zai zargi sojan Italiya don tsohuwar mota ta gaza? Mota ta koma gida ko ƙwarzane babu, ni kuma in sami sabon labari. Na lissafa karo, na lissafa fashewar taya, har ruwan sama na lissafa. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba.

Hobart ya manna tef, ya zana lamba tara a ƙofofi biyu da man takalmi. Na zare bel ɗina muka ɗaure ƙofar direba. Motoci goma sha shida ne, ni ne na ƙarshe a layi. Jama'a sun cika shinge, wasu a kan bishiya. Mata na sayar da soyayyar kaza da lemun kwalba. Motar ban ruwa ta gama yayyafi, Burl ya hau kan ganga ya kaɗa tuta.

Zagayen farko ya tafi yadda na tsara, ina baya ina shan ƙurar mutane cikin kwanciyar hankali. A na biyu wani da ya juye a kwana ya farfaɗo ya biyo ni, ya dungure ni ta baya. Na firgita na kai ƙafa birki, sai ta sauka a kan totur.

Abin da ya fito daga gaban motar nan ba ƙarar motar coci ba ce. Kaina ya bugi kujera, hulata ta koma baya. Kafin in rufe baki na wuce mota uku, ban ma ga fuskokinsu ba. Ga kwana ta taso, na rufe ido ɗaya na murɗa sitiyari hagu ina kiran sunan Ubangiji. Sauran motoci in sun shiga kwana kwantawa suke gefe kamar jirgin ruwa. Tawa ta zauna daram, ta ɗan zame da baya, ta miƙe da kanta.

Na yi niyyar fita, Allah ya sani. Amma ƙofar fita tana daidai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, kuma duk lokacin da na iso wurin na riga na wuce. Ga waɗanda na bari a baya sun taso, in na taka birki su hau kaina. Tsoro ne ya riƙe ƙafata a kan totur har zagaye goma.

Daga nan ne abin kunyar ya fara. Wajen zagaye na goma sha biyar na ji tsoron ya ragu, wani tunani ya shigo. Ashe dai na iya. Ashe duk shekarun nan ba ƙarya nake yi ba, gaskiya ce da ba ta samu dama ba. Na fara sa gwiwar hannu a taga. Da na zo wuce Arlis har hannu na ɗaga masa. Na manta da Mama Zelphia, na manta da gobe. A zagaye na talatin, wallahi, ina iya tuno duwatsun Italiya ɗaya bayan ɗaya.

Zagaye arba'in, Burl ya kaɗa mini tuta. Na tsaya da ƙyar a gindin shinge, na fito ta taga tunda ƙofa a ɗaure take. Jama'a suka yo kaina. Na ɗaga hannu biyu sama, wandona ya tuna mini inda bel ɗina yake. Haka na yi jawabin nasara, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da ƙugu.

"Ba mota ba ce, jama'a," na ce. "Mota ƙarfe ce. Hannu ne. In ka saba da kwanar dutse, wannan wasan yara ne."

Arlis ya ratso mutane, fuskarsa ja da ƙasa. Bai ko kalle ni ba.

"Burl, ban yarda ba. A buɗe ta."

Na san dokar sarai. Wanda ya zo na biyu in bai yarda ba, ana kwance motar wanda ya ci a gaban kowa, a auna komai. Ni da bakina na sha kare dokar nan a shago, ina cewa ita ce maganin macuta. Wanda ya zo na ƙarshe babu mai taɓa motarsa. Ni ban taɓa kawo wa raina zan ci ba.

"Burl, don Allah," na ce, "na janye. A ba Arlis. Motar surukata ce, gobe da safe za ta..."

Burl ya ce, "Kai da ka ce hannu ne? To me kake tsoro? Mu duba ƙarfen mu wanke ka."

Suka shimfiɗa tamfol, mutum huɗu suka kewaye ta da sifanu. Burl ya ɗaga bonet, ya yi fito a hankali. Hobart ya leƙa ya dafe kai.

"Doyle, kafireto biyu ne a nan."

"Ba haka suke zuwa ba?"

"Kai dai riƙe wandonka."

Suka cire kan inji suka auna, an faɗaɗa silinda. Suka zare fistin suka jera a tamfol. Wani ya shiga ƙarƙashi ya ƙirga sifirin na baya, ya ce wannan ya isa ɗaukar bijimi biyu. Burl ya ɗaga kujerar baya, sai ga wani rami da aka shimfiɗe da tsohon bargo. Ya sunkuya ya shinshina. Ya lalubo wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya danna, ya aika a duba, aka ce fitilun baya kaɗai yake kashewa.

Babu wanda ya buƙaci bayani. A yankinmu kowa ya san irin motar da ke son ɗaukar nauyi ba ta nuna ba, ta kuma ɓace wa mai bin ta. Motar dakon barasar dutse ce, wadda ake dafawa a ɓoye a kai birni ba tare da hukuma ta sani ba.

Wani tsoho a bakin shinge ya cire tabarsa daga baki. "Ita ce," ya ce. "Baƙar nan da jami'an haraji suka yi shekaru suna bi a hanyar dutse ba su ko ga lambarta ba. Lemuel? Lemuel mai karɓar baiko a coci?"

Sannan wani ya fashe da dariya, ta bazu har kan bishiyoyi. Arlis ya dafa kafaɗata. "Hannu ne, soja. Hannun Baba Lemuel."

Aka ba shi nasararsa. Mutanen Burl suka goge hannu suka watse, don dokar kwancewa ta ce, ba ta ce a mayar ba. Na tsaya a kan tamfol ina kallon kayan cikin motar a baje kamar an yanka rago.

"Hobart, ka haɗa mini ita. Ko me kake so."

"Sun yaga gaskit, mutumina. Irin wannan sai an aiko daga birni. Laraba, in an yi sa'a."

Mil biyu ne zuwa gidan Mama, na taka su da ƙafa, kuma ban taɓa fatan hanya ta ƙara tsawo ba sai ranar. Rana ba ta faɗi ba na iso. Tana baranda ita da matata Ardith, suna naɗa furannin takarda suna tsomawa a narkakken kyandir, na kabari. Ardith ta dube ni sau ɗaya ta tashi ta shige ciki, ta saki ƙofa da ƙarfi. Labari ya riga ni.

Na tsaya a ƙasan matakala da hula a hannu. "Mama, na yi laifi."

"Ka buɗe gabanta."

"Ba ni na buɗe ba, su..."

"Doyle."

"Na buɗe, Mama."

Ta ci gaba da naɗa furenta. "Shekarar da masaƙa ta rufe, Ardith tana da shekara tara. Wata biyu muna cin ganye da gishiri. Ranar da ta suma a makaranta Lemuel ya je ya ga masu dafawa a kan dutse. Wannan motar ita ce ta uku. Ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba, amma ya san abin da yake ɗauka, kuma bai taɓa yafe wa kansa ba. Shi ya sa yake tafiya a gari kamar mai bin gawa." Ta ajiye furen a kwando. "Shekara goma sha bakwai ina rufe wannan magana. Kai yini guda ya ishe ka."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa ɗaga kai.

"Zan aro motar Hobart in kai ki gobe."

"Ban ce masa zan zo a motar Hobart ba."

"Mama, ba inji a cikinta."

"Tayoyin suna nan?"

"Suna nan."

"To je ka gaya wa maƙwabcinmu Enos ina son alfadaransa biyu da sarƙa, ƙarfe bakwai. Tara ta yi latti yanzu."

Lahadi da safe muka sami motar a fili inda na bar ta, ta yi jawur da ƙasa. Na zo da bokiti da tsumma. Na wanke gilashi, na ɓare tef, na kai hannu kan lambar.

"Bar ta," in ji Mama.

"Mutane za su gani."

"Akwai wanda bai ji ba?"

Muka loda kayan inji a but. Enos ya ɗaura sarƙa ya kama linzami yana tafe a gaba. Mama ta shiga baya da baƙar rigarta da kwandon fure a cinya, ta zauna daidai kan ramin nan. Ardith na gefenta da kwanon kaza da burodin masara, ba ta ce mini ko ina kwana ba. Ni na kama sitiyari.

Mil huɗu ne zuwa maƙabartar coci. Gwanin tseren jiya, lamba tara a ƙofa, ina bin bayan alfadarai ina kallon abin da alfadari ke nuna wa na bayansa. Duk motar da za ta coci sai ta rage gudu ta wuce mu, kawuna a taga. Na so in nutse cikin kujera. A madubi na ga Mama zaune tsaf, kanta a sama, tana amsa gaisuwa da ka kamar yadda ta saba. A gangaren gada na taka birki da ƙarfi har alfadaran suka yi turjiya.

"A hankali, direba," ta ce. "Ba Italiya ba ce."

Ardith ta yi wani ɗan sauti ta toshe baki da hankici.

Mun tarar da maƙabarta cike, ana nome ciyawa ana tara ƙasa a kan kaburbura, an jera tebura a inuwa. Da muka shigo duk fartanya ta tsaya. Mata biyu da suka yi shekara talatin suna zama benci ɗaya da Mama suka sami abin dubawa a cikin kwandunansu. Ta gan su, na ga ta gan su, kuma ni na jawo mata. Maza kuwa suka matso a hankali suka kewaye motar, ana shafa ta ana leƙa ƙarƙashi. Arlis na cikinsu da rigar Lahadi. Shi ya buɗe mata ƙofa, ya cire hula.

Ta miƙo mini kwandon in riƙe, muka taka zuwa kabarin. Ta durƙusa da ƙyar, ta share ganye da hannunta, ta shiga soka furannin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta fara magana, da irin muryar da take masa magana a teburin cin abinci.

"Lemuel, ga ni. A motarka na zo, kamar yadda na ce. Ɗaya alkawarin ban iya riƙe shi ba, an buɗe ta. Kowa ya sani yanzu. Wasu sun juya mini baya, wasu sun cire maka hula, ka ga dai mutane." Ta gyara wani jan fure. "Amma bari in gaya maka. Jiya ta shiga tsere. Zagaye arba'in, motoci goma sha shida, babu wadda ta ga ƙeyarta. Ka san wa ke kan sitiyari?"

Ta waigo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta koma ga kabarin.

"Doyle. Doyle mai aski, mijin Ardith. Wanda ya kayar mana da shingen kaji yana tura baro."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har kafaɗunta na rawa, ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba. Ta dafa ƙasar kabarin da tafin hannunta.

"Ka ga ke nan ba ƙaramin aiki ka yi mata ba, tsoho."

Ina tsaye da kwando a hannu, hawaye na zubo mini, ba hannun sharewa. Ardith ta zo ta tsaya kusa da ni, ta karɓi kwandon. Can Mama ta miƙo hannu in tashe ta. Ta share fuska, ta kakkaɓe gwiwa.

"Je ka ba alfadaran nan ruwa," ta ce. "Kai za ka mayar da ni gida."